Ranar da Aka Huɗe Filin Koci

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya, ni da ƙanena, daga Kaduna zuwa garinmu da ke bayan Minjibir. Waɗanda suka saba karanta labarin tafiye-tafiyena sun san da zumuɗi nake fita. Wannan karon kuwa jikina a sanyaye na rufo ƙofar gida.

Kakanmu Malam Sa'idu, wanda duk yankinmu ba a san shi da wani suna ba sai Koci, ya rasu da ranin nan. Mun je ta'aziyya a lokacin, muka dawo. Sai ga wayar Baffa Idi, ƙanen mahaifinmu, ya ce za a raba gado kafin ruwa ya zauna, yana so mu halarta. Mu dai ba mu da kaso, domin mahaifinmu ya riga Koci rasuwa. Girmamawa ce kawai Baffa ya yi mana. Amma ni akwai abin da ya tashe ni. A cikin gonakin da za a raba har da filin ƙwallon garinmu, kuma na ƙudura a raina zan roƙi arziki a bar shi yadda yake. Tun a gida na shirya maganar da zan yi, ina ta maimaita ta a zuciya.

A tashar Kawo muka sami mota. Kuɗin mota ya sake tashi, har an daina yi wa direba ƙorafi, sai dai kowa ya ja tsaki ya shiga. Kujerar mutum uku aka cusa mana mu huɗu, gwiwar wani bawan Allah a haƙarƙarina har Zariya. Direbanmu kuma ya ƙware wajen tattalin mai. Da zarar ya hango gangara sai ya kashe inji, motar ta yi ta sulalewa shiru, mu kuma mu yi ta salati. A Zariya muka tsaya shan koko. Ƙosan da aka zubo mana ya rame har ya ba ni tausayi, ɗaya ba ya cika baki. Mai ƙosan ta ga ina jujjuya shi, ta ce in je kasuwa in tambayi kuɗin wake sannan in dawo mu yi magana. Na cinye abina.

Daga nan har Kwanar Ɗangora hirar mota ɗaya ce: masara, taki, mai. Ni kuwa na jingina kai da gilashi, tunanin Koci ya ɗauke ni.

Gajeren mutum ne, mai gwamen ƙafa, da murya kamar ta mutum uku. Malamin motsa jiki ne a firamaren garinmu har ya yi ritaya. Wanda bai san ƙasarmu ba ba zai gane girman abin da ya yi ba. A wajenmu babu daji. Gona na manne da gona, gari na hango gari, har bakin hanya ana soka rama da kuɓewa. Taku ɗaya na ƙasa yana iya raba 'yan'uwa. A irin wannan wuri Koci ya yanki gefen gonarsa mafi kusa da gari, ya share, ya kafa turaku, ya ce ta yara ce. Dattawa suka ce boko ya taɓa masa kai. Bai kula su ba. Gida gida ya riƙa bi yana roƙon iyaye su bar 'ya'yansu su zo bayan la'asar. Dokokinsa kuwa kowa ya haddace su. Wanda bai gama aikin gonar ubansa ba ba zai taɓa ƙwallo ba. Wanda ya yi ashar zai koma gefe ya zauna. Ana kiran magariba zai busa usur, ko da ƙwallo na bakin raga.

Shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu. Kullum da safe a kekensa yake kai mu makaranta, ni a baya, ƙanena a kan ƙarfen gaba, yana tuƙi yana tambayar mu jadawalin sau. Idan zazzaɓi ya kama ɗayanmu, shi ne mai jiƙa tsumma yana goga mana, ba ya barin kakarmu Inna Yalwa ta karɓe shi. Amma duk son da yake mini bai taɓa sa ni a wasan gasa ba, ko sau ɗaya. Gaskiya kuma yana da hujja. Yakan ce idan na buga ƙwallo, ni da ita da mai tsaron gida babu wanda ya san inda za ta. Na taɓa yin fushi na ƙi cin tuwo. Ya zo ya zauna kusa da ni, ya ce, "Kai jikana ne a gida. A fili kuwa duk jikokina ne. Ci tuwonka, ko in cinye in kuma ƙwace matar taka." Inna yake nufi, don ita da angona take kira na.

Hantsi ya dubi ludayi muka shiga Kano. Daga Na'ibawa muka hau adaidaita zuwa 'Yankaba, muka sayi gurasa muka riƙe, sannan muka shiga bas ɗin da ke bi ta Gezawa. Ana fita daga gari ido ya buɗe. An share gonaki tas, an jera tsibin takin gida ɗaiɗai, jakuna na ta jigila da mangala. Buhun takin zamani kuwa ban ga ko ɗaya ba. Bishiyoyin ɗorawa da kuka na tsaye a tsakiyar gonaki, gabas ta yi duhu kaɗan, iska na kawo ƙanshin ruwan da aka yi a wani wuri. Duk wanda ke cikin motar wuyansa na waje yana duban sama.

A Minjibir muka hau acaɓa. Wanda ya ɗauke ni ya yi ta leƙe na ta madubi, can ya ce, "Ba kai ne jikan Koci ba? Wanda bai iya ƙwallo ba?" Na ce ni ne. Ya yi dariya har babur ya karkace. Da muka yi nisa ya ce shi ma ɗan ƙwallon Koci ne, lokacin da ya karye a fili Koci ne ya goya shi a baya har gidan mai ɗori. Ya sauke ni a ƙofar gida.

Inna na cikin takaba. Muka same ta a bakin ɗakinta a kan tabarma, da carbi a hannu. Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Angona, ka zo? To abokin kishin naka ya bar maka ni." Ta so ta yi dariya, abin ya ƙi. Na durƙusa na gaishe ta, na kasa haɗa ido da ita.

Lokacin ta'aziyya gidan cike yake da mutane, ban lura da komai ba. Wannan karon na gani. Turken awaki babu ko ɗaya. Rumbun Baffa a buɗe yake, an jingine murfinsa a gefe, kuma manomi ba ya barin rumbu a buɗe idan da abu a ciki. Baffa Idi da na sani ƙato ne, shi ke tsare wa ƙungiyar garinmu baya a zamaninsa, 'yan gaba na ganin sa suke canja hanya. Yanzu rigarsa ta yi masa yawa. Aka kawo mana tuwon dawa da miyar kuka wadda ba ta ga mai ba. Muka ce Baffa ya sa hannu, ya ce ya riga ya ci. Yaransa na daga nesa suna cin kwaɗon tafasa, idonsu na kan kwanonmu. Ni da ƙanena muka dubi juna, muka ɗan taɓa, muka ce gurasar hanya ta cika mana ciki. Ɗan abin da muka riƙo na shinkafa da mai muka miƙa cikin gida, ina jin kunyar ƙanƙantarsa.

Da zan fita na lura keken Koci ba ya zaure inda yake jingine shi. Na koma na tambayi Inna ko an ba wani aro.

"Ya sayar da shi tun bara," in ji ta. "Bai gaya maka ba don ya san za ka yi faɗa."

Ta ce wata rana ana tsakiyar atisaye wani saurayi ya yanke jiki ya faɗi. Aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo. Koci ya tambaye shi me ya ci, ya ce rabonsa da abinci tun jiya da rana. Koci ya juya ya tambayi sauran, sai kowa ya sunkuyar da kai. Ranar Koci ya dawo gida ya zauna a nan bakin ɗaki, ya ƙi cin abinci, ya ƙi magana. Ranar kasuwa ya tura keken ya dawo a ƙasa da gero a kai. Tun daga nan kullum Inna ke dama kunu a babbar tukunya, a kai bakin fili, kowa ya sha kafin a taɓa ƙwallo. Da geron ya ƙare ya sayar da rediyonsa. Da wannan ma ya ƙare sai ya rage ranakun atisaye, ya ce wa samarin gwiwa ce ke damun sa.

"Gwiwarsa lafiya lau," in ji Inna. "Ya kasa kallon su suna gudu da yunwa ne."

Da la'asar muka je maƙabarta muka yi masa addu'a. Kabarin ya fara kwantawa. Wani ya dasa cediya ƙarama a gefe, ya kewaye ta da ƙaya saboda awaki, kuma da alama ana ba ta ruwa. Babu wanda ya san ko wane ne.

Washegari da hantsi aka zauna a zaure. Ga liman, ga mai unguwa, ga Baffa, ga mazajen gwaggonninmu biyu. A waje kuma 'yan ƙwallo ne, tsofaffi da sababbi, sun cika gindin darbejiya. Suka wakilto Garba Gola, mahauci ne yanzu, shi ya daɗe yana tsare wa garinmu raga, kuma shi ke taimaka wa Koci da tsufa ya kama shi. Aka gama maganar sauran gonaki babu gardama. Da aka zo kan fili, liman ya gyara zama ya ce tambaya ɗaya ce. Akwai wanda ya taɓa jin marigayi ya ce ya bayar da filin nan wakafi? Idan akwai shaidu, ya fita daga gado.

Kowa ya juya wajen Garba. Idan ya ce ya ji, akwai mutum goma a waje da za su mara masa baya, kuma na tabbata Baffa ba zai ƙaryata shi ba. Garba ya daɗe yana murza hularsa.

"Allah gafarta Malam, ban taɓa ji ba," ya ce. "Kullum cewa yake filin yara ne. Amma kalmar wakafi ban ji ta a bakinsa ba."

Liman ya aika a tambayi Inna. Amsa ta dawo cewa bai faɗa mata ba, kuma ba za ta sa wa mamaci magana a baki ba.

Sai Baffa ya yi gyaran murya. Ya ce shi ma a filin nan ya girma, babu lungun da bai zubar da gumi ba. Ya ce ya kwana biyu ba ya iya bi ta wajen. Amma gonar da yake nomawa ta gaji, ba shi da halin taki, ga iyali, ga Inna ta dawo hannunsa. Filin nan kuwa ya yi shekara da shekaru yana hutawa. "Idan akwai wanda zai nuna mini wata hanya, wallahi zan bi," in ji shi. Ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska.

Liman ya waiwayo gare ni. "Kai da marigayi ya riƙa, ko kana da magana?"

Duk abin da na shirya yana bakina. Na so in ce filin nan ya hana samari da yawa lalacewa, in ce shi ne sunan Koci a duniya. Duk gaskiya ne. Amma ni a Kaduna zan kwana gobe, kuma albashina ko iyalina ba ya kai su ƙarshen wata, balle in ce zan ɗauki nauyin gidan Baffa. Na dubi wuyansa yadda ya zurma.

Na ce, "Babu, Malam. Allah ya sa albarka a abin da za a shuka."

Aka shafa fatiha. Garba ya fita ya gaya wa mutanensa. Na zaci za a yi hayaniya, sai na ji shiru. Can ya dawo ya durƙusa gaban Baffa ya ce alfarma ɗaya suke nema, a bar su su buga na ƙarshe yau da yamma.

Ban taɓa ganin taro a filin nan kamar na ranar ba. Har daga Zakirai wasu suka zo, ban san yadda labari ya kai musu ba. Aka raba tsofaffi da samari. Masu furfura suka naɗe ƙafar wando, suka tuɓe takalma. Wani tela mai tumbi ya yi gudu kaɗan ya dafe ƙugu yana neman ruwa. Baffa ya tsaya daga nesa, sai da Garba ya je ya jawo hannunsa ya kai shi tsohon gurbinsa na baya. Ni ma aka ce in shiga, wai yau babu mai hana ni. Ana cikin wasa ƙwallo ta gangaro gabana, raga a buɗe, mai tsaron gida ya faɗi can gefe. Na ɗaga ƙafa da dukan ƙarfina na narka mata duka. Ta tashi sama ta faɗa gonar maƙwabta. Fili ya kaure da dariya, har da masu faɗuwa ƙasa. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Koci ya yi gaskiya!" Dariyar ta ɗan ci gaba, sannan ta mutu. Na ga manya-manyan mutane suna share ido da bakin riga. Ana kiran magariba Garba ya ɗauke ƙwallo. Babu wanda ya busa usur, kuma babu wanda ya tambayi wa ya ci.

Muna fitowa daga masallaci hadari ya haɗo. Aka yi ruwa mai yawa, irin wanda manoma ke jira.

Da sassafe hayaniya ta tashe ni. Na fito na tarar da mutanen jiya sun dawo, amma da fatanya da sungumi a kafaɗa. Babu wanda ya gayyace su. Garba da kansa ya tona gindin turakun ragar da ya tsare shekara da shekaru, ya girgiza su ya cire, ya saɓa a kafaɗa ya kai zauren Koci ya jingine. Wani ya kawo shanun huɗa da garma. Ƙasar ta taurare saboda tattaki, shanun suka yi ta nishi, mai garma na danna ta da ƙirji. Kunyar huɗa ta farko ta ratsa tsakiyar fili, ƙasa ja mai danshi ta juyo sama. Baffa ya tsaya riƙe da ƙwaryar iri. Masu sungumi suka shiga gaba suna sara, sauran na biye suna jefa gero suna rufewa da ƙafa. Ni ma na karɓi iri na shiga layi. Wannan aikin dai na iya shi, Koci ya koya mini.

Kafin rana ta take an gama. Matar Baffa ta fito tana ba da haƙuri, babu abin da za a ba 'yan gayya sai ruwa. Garba ya ce ba don abinci suka zo ba, sun sha kunun gidan nan. Baffa ya ce musu in Allah ya kai mu kaka aka cire kara, su dawo da turakunsu su buga har wata damina. Suka ce sun gode. Amma kowa ya san filin da aka yi wa kunya ba zai koma yadda yake ba.

Na shiga yi wa Inna sallama. Ba ta fita ba, amma daga inda take zaune tana jin komai, domin katanga ce kawai tsakaninta da filin. Ta ce tun tana da ƙuruciya, da ƙarar usur ɗinsa take sanin lokacin ɗora tukunya. Yau kuma ta ji ana kora shanu a wurin. Ta tambaya ko ƙasar ta yi kyau. Na ce ta yi kyau ƙwarai. Ta gyaɗa kai, ta ce Alhamdulillahi, ta juyar da fuska bango.

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Daga Minjibir har Gezawa gonaki cike suke da masu shuka, maza da mata da yara, kowa a sunkuye. Ƙanena ya yi barci tun daga Kura. Muka shiga Kaduna ana kiran magariba.

Na tafi da niyyar in kare abin da kakana ya bari, a zatona filin ne. Na dawo na gane cewa daga nesa magana ba ta da wuya, kuma wanda bai leƙa rumbun ɗan'uwansa ba bai kamata ya yanke masa hukunci ba. Abin da Koci ya bari na gan shi da idona: mahauci da ya ƙi yin ƙarya a gaban liman alhali ƙaryar za ta cece masa abin da ya fi so, da mutanen da aka karɓe wa fili jiya suka zo yau da sungumi. Duk da haka ba zan ɓoye muku ba, abin yana mini ciwo. Yaran garinmu da ke tasowa ba su da inda za su je bayan la'asar.

Jiya Baffa ya kira ni. Ya ce gero ya tsiro, ya yi kyau, filin ya yi kore shar. Wuri biyu ne kawai suka ƙi, daidai bakin raga ta gabas da ta yamma, inda ƙasa ta fi shan tattaki. Na ce ai sai a sake sara a yi ƙari tun da sauran lokaci.

"Na je da sungumin," ya ce. "Na tsaya a wurin, na dawo. A bar masa su haka."

Allah ya jiƙan Malam Sa'idu, ya sa ya huta. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sassauta wa talaka.